Gyalen Kilishi na Gafasa

Kafin in shiga wannan babi, 'ya'yana, ku sani shekaru sun ja, kuma ƙwaƙwalwa ba ta riƙe abu yadda takarda take riƙewa. Wasu maganganun da zan kawo, mai yiwuwa ba da waɗannan kalmomi aka furta su ba, ma'anarsu ce na riƙe. Ko watan da abin ya faru ina kokwanto a kansa, na dai san an gama yankan dawa, sanyi ya fara shigowa. Abin da ya sa na ware masa babi guda shi ne, kun taso kuna jin ana cewa wata Saude ce ta jawo aka rufe ajin saƙa na Gafasa. Na sha jin ku kuna maimaitawa a tsakar gida, ina ji ina yin shiru. Ba haka aka yi ba, kuma ba na son in bar duniya sunan baiwar Allah yana ɗauke da kayan da ba nata ba.

A wannan shekara ina aiki a sashen mata na ƙaramar hukumar Ajingi, amma muna zaune a Gaya, a gidan kakarku Inna Yalwa. Ni kaɗai ce mai digiri a sashen, digirin kuwa na tattalin gida ne, saboda haka aka ɗora mini koyar da saƙar kwarashi ga matan aure a Gafasa, ranar Litinin da Laraba. Ajin bai samu da sauƙi ba. Mai unguwa ya yi kusan wata uku yana bin magidanta ɗaya bayan ɗaya kafin su yarda, da sharaɗin a cikin gidansa za a riƙa yi, kuma a tashi kafin la'asar. Mata ashirin da 'yan kai ne suka fara zuwa, in ban yi kuskuren lissafi ba, kowacce da izinin mijinta. Izinin nan kuwa kamar saƙar ce ita kanta, in aka ja bakin zare guda sai ka ga duka ta warware. Wannan tsoron kullum yana raina, tun daga kan babur ɗin da yake kai ni har in dawo.

Da hular jarirai da safa muka fara. Kafin wata biyu na gane cewa akwai mace guda da hannunta ya wuce na kowa, har da nawa. Ita ce Saude, matar Malam Iro, manomin gyaɗa. Ba ta yi boko ba, amma in ta kalli saƙa sau ɗaya, sai ta ƙirga idanunta da farcen babban yatsa, washegari ta kawo irinta sak. Ba ta da yawan magana. In sauran mata suna hira suna dariya, ita leɓenta kawai za ka ga yana motsi, tana ƙirga. Ba a jima ba duk mai haihuwa a Gafasa, wajen Saude ake aikawa a saƙa kayan suna. Wannan shi ne abin da take da shi a garin, kuma ta san darajarsa.

Littafin da ya jawo komai, ni na sayo shi. Na je Kano wani aiki, na tarar da mai gwanjon littattafai ya baza kayansa a bakin titi, na tsinci wani littafin saƙa mai hotuna masu launi. Duk abin da ke cikinsa siffar abinci ce: gyalen wuya mai kama da yankan kankana, jaka mai kama da burodi, hula mai kama da abarba, 'yan ƙananan lemo da ake rataya wa makulli. Rubutun ba Turanci ba ne, ba kuma Larabci ba, har yau ban san ko yaren wace ƙasa ba ne. Amma kowane hoto yana da zane a ƙarƙashinsa, da'ira-da'ira da gicciye-gicciye, na zauna na bi su da kwarashi har na gane abin da kowace alama take nufi. Na yi alfahari da hakan, ba zan ɓoye ba. Da na nuna wa Inna Yalwa, ta juya shafi biyu ta miƙo mini.

"Ni dai a zamaninmu abinci a ciki ake sa shi, ba a wuya ba," in ji ta. "Amma ku 'yan boko kun fi mu sani."

Matan Gafasa kuwa sun so littafin sosai. Aka yi kankana, aka yi lemo, har suka fara ƙirƙiro nasu. Wata ta saƙa ƙosai guda biyar a zare ɗaya, wata ta yi tattasai da yalo, aka yi ta dariya ana cewa saura tuwo da miyar kuka. Amma akwai shafi guda da kowa ya kasa. Gyale ne dogo, gefensa yana lanƙwasa kamar tafiyar maciji, layi ja-ja mai duhu, layi fari, a kowane baki kuma an liƙa soyayyen ƙwai, fari da ƙwanduwa a tsakiya. Da suka tambaye ni ko mene ne, na ce kilishi ne da ƙwai. Saude ta daɗe tana kallon hoton.

"Malama, wane irin kilishi ne mai kitse haka? Kilishi ai ba a barin masa fari."

"Na Turawa haka yake," na ce mata.

Ku da kuka san ni, kun san ba na faɗin abu ban haɗa da "ina jin" ko "wataƙila" ba. Mahaifinku yakan ce ko sunana aka tambaye ni sai na ce in Allah ya yarda Binta ne. Amma ran nan, a gaban mata ashirin, ban sa ko ɗaya ba. Ban sani ba, kuma na ji kunyar in ce ban sani ba.

Saude ta saƙa shi cikin kwana huɗu, ya fi na hoton kyau. Da sanyi ya kama sosai sai aka fara nema. Guda bakwai ta yi, wannan adadin ban manta shi ba. 'Yan acaɓa biyu suka karɓa saboda sammakon hanya, matar mai unguwa ta karɓa wa jikanta, sauran suka shiga gidaje. Na bakwai kuwa Gwaggo Asabe, matar liman, ita ta sa aka yi wa 'yarta da ke makarantar kwana, yarinyar ta tafi da shi.

Wata Laraba ina tsaye a tashar Ajingi ina jiran abin hawa, tare da wata 'yar bautar ƙasa mai suna Chioma, da ke koyarwa a wata sakandare a can. Mun saba gaisawa, yarinya ce mai hankali. Sai ga ɗaya daga cikin 'yan acaɓan nan ya tsaya a gabanmu, ya naɗe wuya da gyalen, ƙwai ɗaya yana lilo a ƙirjinsa. Na nuna mata da fahariya, na ce aikin ɗalibata ne, kilishi da ƙwai. Ta kalli gyalen, ta kalle ni, ta ja ni gefe. Da Turanci muka yi maganar.

"Anti, don Allah kada ki ji haushina. Wannan ba kilishi ba ne. Naman alade ne, irin wanda ake yankawa siri-siri a soya da ƙwai a karya kumallo. Farin nan kitsensa ne."

Ta buɗe wayarta ta nuna mini hoton na gaske a faranti. Babu abin musu, har lanƙwasar gefen iri ɗaya ce. Na yi mata godiya, na roƙe ta ta bar maganar tsakaninmu, kuma iya sanina ta bari. Abin takaici, wannan ɗan acaɓan na hau zuwa Gaya. Tun daga Ajingi har ƙofar gida bakin gyalen yana kaɗawa yana taɓa mini fuska.

Da la'asar na gaya wa mahaifinku, yana zaune yana gyaran fitilar babur ɗinsa, Inna Yalwa tana gefe tana tsince wake. Ya yi dariya har ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Haba Binta, zare ne fa. Ko kare kika saƙa ai ba zai yi haushi ba. Ranar Litinin ki je ki gaya musu yadda kika gaya mini. Wasu su yi dariya, wasu su yi tsaki, a wuce wurin."

"In mazansu suka ji fa? Liman fa?"

"Liman ya fi ki sanin zare ba najasa ba ne."

Inna Yalwa ba ta ɗago kai daga faifanta ba.

"Ki bi ta mijinki," ta ce. "Magana kamar kunu ce, in ta kwana tsami take yi."

Ban bi ba. Na yi kwana biyar ina juya abin. Na gaya wa kaina cewa ajin nake karewa, kuma ina jin akwai gaskiya a ciki, ko da kaɗan ce. Amma da na tsufa na duba da kyau, abin da ya fi yawa shi ne ba na son a ce mai digiri ta kasa bambance kilishi da alade. Sai na ƙulla dabarar da a lokacin na ɗauka hikima ce: a karɓo gyalen duka bakwai a ɓoye, in warware su, in yage shafin, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Sai dai ana bukatar dalilin karɓowa, kuma dalilin da na samo shi ne mafi munin abin da na yi a rayuwar aikina.

Ranar Litinin bayan an tashi, na tsayar da Saude a zauren ciki.

"Na sake duba littafin," na ce mata. "Ina jin akwai ɗan kuskure a gefen saƙar nan taki. In aka wanke zai iya warwarewa. Gara a karɓo su a gyara kafin mutane su fara ƙorafi."

"A ina kuskuren yake, Malama? Nuna mini."

"Ba a ganinsa da ido. Sai an wanke."

"Na wanke na jikan mai unguwa da hannuna kafin in kai. Bai yi komai ba."

"Wanki ɗaya ba ya nunawa."

Sannan ta ce to, tunda ni na karanta littafin. Da izinin mijinta ta bi gidajen da kanta, tana sallama tana ba da haƙuri, tana cewa hannunta ne ya yi kuskure. 'Yan acaɓan ta aika musu ta wajen matansu. Aka ce ɗaya ya ƙi bayarwa sai da aka yi masa alkawarin dawo da shi kafin Juma'a. Shida suka zo hannuna, na kai su Gaya na warware, na naɗe zaren ja daban, fari daban. Na bakwai yana makarantar kwana, na ce a raina in an yi hutu sai a karɓa. Na ɗauka na tsira.

Hutun ne ya tona. Ashe a makarantar akwai 'yan mata 'yan birni masu kallon fina-finai a waya, su suka gane abin tun makon farko. Suka sa yarinyar a gaba, 'yar liman guda tana yawo da alade a wuya. Ta dawo gida ta jefa gyalen a gaban uwarta tana kuka. Kafin magariba labari ya zaga Gafasa. Mutane kuma ba wawaye ba ne, suka haɗa biyu da biyu: wace ce ta saƙa? Saude. Wace ce ta bi gida-gida tana karɓewa da wani dalili na daban? Saude. Ashe ke nan ta sani, ta ɓoye.

Liman, Allah ya jiƙansa, ya yi adalci iyakar abin da aka kai masa. Aka ce ya faɗa a ƙofar masallaci cewa zare zare ne, duk wanda ya yi salla da gyalen sallarsa ta yi, kuma wanda ya yi abu cikin rashin sani ba shi da laifi. Amma ya ƙara da cewa wanda ya sani ya rufe, ya bar 'ya'yan mutane suna jin kunya, shi ne yake da abin amsawa. Bai ambaci suna ba. Kowa dai ya san inda zai kalla, kuma ba ni aka kalla ba.

Larabar da ta biyo baya na tarar da tsakar gidan mai unguwa a cike, har da matan da ba 'yan aji ba. Ba wadda ta fito da kwarashi. Saude tana zaune a gindin rumbu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Gwaggo Asabe ce ta yi magana, mace ce mai murya, ba ta kwana-kwana.

"Malama, ke ce babba a nan. Mu dai tambaya ɗaya muke da ita. Yarinyar nan ta san abin da take saƙawa, ko ba ta sani ba?"

Amsar kalma huɗu ce: ba ta sani ba. Sauran kuma in ce ni na sani, ni na aike ta. Na buɗe baki da niyyar faɗin haka, Allah shi ne shaida. Amma ga abin da ya fito, kuma wannan na riƙe shi kusan kalma da kalma, domin na sha maimaita shi a raina:

"To, Gwaggo, gaskiya abin yana da ɗan sarƙaƙiya. Littafin ba da yarenmu aka rubuta ba, kowa zai iya ruɗewa. Mai yiwuwa ni ma akwai inda na gaza wajen bincike. Ba na jin akwai wanda ya yi da gangan. Ina ganin a yi haƙuri da juna."

"Ba ki amsa ni ba," in ji Gwaggo Asabe.

"Ai abin da nake cewa ke nan, Gwaggo, sai an bi a hankali."

Wata daga baya ta ce Malama tana rufa wa ɗalibarta asiri ne, Allah ya saka mata. Wasu suka ce amin. Ku duba wannan, 'ya'yana: a wurin aka yaba mini. Na kalli Saude ina jiran ta ce Malama ce ta aike ni, wallahi da ta faɗa da na ji sauƙi. Amma sai ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta fita.

Malam Iro ne ya fara janye matarsa, ya ce ba zai bar a riƙa nuna gidansa da baki ba. Cikin mako biyu saura mata biyar, sannan mai unguwa ya aiko a gaya mini a dakata tukuna. Ba a sake buɗewa ba. Ni aka mayar da ni ofis, na ci gaba da aikina har na yi ritaya, ba abin da ya taɓa ni. Saude kuwa aka daina aika mata kayan suna. Ba wanda ya zage ta a fuska, iya abin da na ji. Kawai in mace ta haihu sai a ce a sayo na kanti, kada a saƙo wa jariri abin da ba a sani ba.

Mahaifinku bai yi mini faɗa ba, sai dai ya yi kwanaki ba ya tsokanata, wannan kuwa ya fi faɗan ciwo. Inna Yalwa ce ta ce in shirya in je gidan matar nan, ko ba zan iya a gaban jama'a ba. Na je bayan kusan wata guda, da hantsi. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa har da tambayar yara. Sannan na gaya mata komai, tun daga tashar Ajingi. Hannunta bai tsaya ba.

"Na sani, Malama," ta ce. "Ba aladen na sani ba, wannan sai da kowa ya ji na ji. Amma tun ranar da kika tsayar da ni na san akwai wata magana. Na dawo gida na ƙirga saƙar nan ido-ido, sau uku, kafin in kawo miki. Babu kuskure."

"Me ya sa ba ki faɗa a gidan mai unguwa ba?"

"In ƙaryata malamata a gaban mutane? Ke kika koya mini riƙe kwarashi."

Na ce ta yafe mini. Na ce zan san yadda zan yi in gyara.

"Na yafe. Maganar alade ba ta dame ni ba, zare ne, Liman ma ya faɗa. Wanda ya ƙi ba ni aiki, arzikina ba a hannunsa yake ba." Ta zuba gyaɗar da ta ɓare a ƙwarya, sannan ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun zuwana. "Abu ɗaya ne. Kin sa na shiga gida shida da ƙafata na ce hannuna ya yi kuskure. Bai yi ba, Malama."

Gyaran da na yi alkawari kuma ban yi shi ba. Kullum ina jiran lokacin da ya dace, yau ana biki, gobe ana makoki, jibi maganar ta tsufa, tayar da ita zai fi cutar da ita. Haka na yi ta gaya wa kaina har gashina ya yi fari.

Saboda haka ga shi a rubuce, babu wataƙila a ciki. Ni na sayo littafin. Ni na ce kilishi ne ban sani ba. Ni na ji gaskiya na ɓoye, ni na ƙirƙiri kuskuren da babu shi, ni na aiki Saude. Ba ta san komai ba, kuma saƙarta ba ta da aibi ko na ido ɗaya.

Saude tana nan da rai a Gafasa, an ce idonta ya yi rauni. Ina so ɗayanku ya ɗauki wannan babi ya je ya karanta mata, ba a ɗaki ba, a tsakar gida, inda maƙwabta za su ji. Cikin matan da suka zauna a gidan mai unguwa ran nan kuma, na san akwai sauran masu rai. Duk wadda aka karanta mata ta ji na rage wani abu, ko na sassauta wa kaina a wani wuri, don Allah ta aiko a gaya mini tun ina iya riƙe alƙalami, in gyara.